Darasi: Kafin Magani Ya Isa Bakin Yaro

Da zarar damina ta kankama a birnin Katsina, sai a ga ma'aikatan lafiya da jakunkuna a kafaɗa suna bi gida-gida, daga Ƙofar Marusa har Ƙofar Ƙaura, suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5. Jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara wannan shiri a Najeriya a 2013. Yawancin iyaye da godiya suke karɓa. Amma da wuya a gama unguwa ba a haɗu da magidancin da zai tsaya a bakin zaure ya ce, "Tukuna, Malam. Wannan maganin, a kan wa aka fara gwada shi?" ba.

Tambayar ba ta jahilci ba ce. Tana da tarihi, kuma tarihin bai yi nisa da Katsina ba.

Abin da ya faru a Kano

A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Najeriya, ta kashe mutum sama da 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer na Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano domin gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin. Kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganinsa ba. Iyaye suka ce ba wanda ya bayyana musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu. An sha shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Lokacin da wasu jihohin Arewa suka dakatar da allurar rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da aka riƙa ambata a majalisu da masallatai.

Akwai ragowar labarin da ba kowa ya sani ba. Bayan Kano, Trovan ya shiga kasuwar Amurka, likitoci suka riƙa rubuta shi ga manya. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta taƙaita amfani da shi ƙwarai, saboda hantar mutum 14 ta daina aiki, shida daga cikinsu suka rasu. Ƙasashen Turai suka dakatar da shi. Duk gwaje-gwajen da aka yi masa tun farko, a kan dabbobi da kan dubban mutane, ba su hana shi isa kantin magani ba.

Me ya sa haka take faruwa?

Hanyar da aka saba bi wajen gwada sabon magani hawa uku ce. Da farko ana zuba sinadarin a kan ƙwayoyin halitta da aka shimfiɗa a faranti, a ga ko zai kashe su ko zai gyara su. Ƙwayoyin halitta su ne ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Daga nan sai a koma kan ɓeraye, wani lokaci karnuka ko birai. In ya tsallake, sai a zo kan mutane, kaɗan-kaɗan har a kai dubbai. Tafiyar takan ci shekara goma ko fiye. Duk da haka, cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a kan mutane, kusan tara ba sa kai labari: ko dai ba sa warkarwa, ko suna cutarwa. Babban dalili shi ne hantar ɓera ba ta sarrafa magani kamar hantar mutum, ƙwayoyin da ke kwance a faranti kuwa ba jini da ke bi ta kansu, ba motsi, ba maƙwabta, don haka sukan manta aikinsu cikin 'yan kwanaki.

Huhu a tafin hannu

A 2010, a Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard da ke Boston, Donald Ingber da Dongeun Huh da abokan aikinsu suka fito da wani ɗan guntun roba mai haske, ana hango cikinsa, tsawonsa bai wuce babban yatsa ba. Sun sassaƙa sirarun hanyoyi biyu a ciki, ɗaya bisa ɗaya, da wata 'yar fata mai ƙananan huji a tsakani. A saman fatar suka shuka ƙwayoyin huhun mutum masu rai, iska tana wucewa ta kansu. A ƙasanta suka shuka ƙwayoyin da ke lulluɓe cikin jijiyar jini, wani ruwa mai ɗauke da abinci yana gudana. A gefe da gefe akwai wasu ramuka biyu da ake zuƙe iskarsu a sake, sai fatar ta miƙe ta dawo, ta miƙe ta dawo, yadda huhu yake yi a ƙirji.

Sai suka saka ƙwayoyin cuta a hanyar iska, suka zuba fararen ƙwayoyin jini a hanyar ruwa. A ƙarƙashin madubi suka ga fararen ƙwayoyin sun manne a bango, sun kutsa ta hujin fatar, sun haye sama sun haɗiye ƙwayoyin cutar. Wannan yaƙi yana faruwa a ƙirjin kowane mai ciwon huhu, amma da wuya a samu hanyar kallonsa ido da ido kamar haka.

Wannan shi ne huhun gwaji. Ba huhu ba ne da za a dasa wa mara lafiya, kuma ba ya jin zafi, ba ya tunani. Ɗan yanki ne na aikin huhu, an rage shi yadda za a iya sa shi a gaban madubi. Bayansa aka yi hantar gwaji, ƙodar gwaji, hanjin gwaji, da na ɓargo da na fata. Wasu ma an aika da su tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa don a ga yadda jiki yake canzawa a can.

A nan ne labarin Trovan ya sake ɓullowa. A ƙarshen 2022 kamfanin Emulate, wanda ya fito daga Cibiyar Wyss, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi da hantar gwaji guda 870. Sun ɗauko magunguna 27 da aka riga aka san halinsu, wasu an san suna lalata hantar mutum, wasu an san ba sa yi, suka ba na'urorin ba tare da masu aunawa sun san wanne ne wanne ba. Na'urorin sun gano kashi 87 cikin 100 na masu cutarwar, kuma ba su yi wa ko ɗaya daga cikin marasa cutarwar ƙazafi ba. Sinadarin Trovan yana cikin waɗanda aka gwada. An haɗa shi da wani ɗan'uwansa mai kama da shi sosai wanda ba kasafai yake taɓa hanta ba. Na'urar ta bambanta su.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu. Na farko, kamfanin da ke sayar da na'urar shi ya yi binciken, don haka sai wasu sun maimaita kafin hankali ya kwanta sosai. Na biyu, ba wanda ya nuna cewa ciwon hanta ne ya kashe yaran Kano. Abin da binciken ya nuna shi ne, da akwai irin wannan na'ura a wancan lokaci, da an sami gargaɗi game da maganin tun yana ɗakin bincike. Ko wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 29 ga Disamba 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta cire wajabcin gwada kowane sabon magani a kan dabbobi a Amurka, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan na'urori da lissafin kwamfuta. A Afrilun 2025 FDA ta sanar da shirin rage gwajin dabbobi sannu a hankali.

Inda kwamfuta ta shigo

Na'ura ɗaya takan haifar da hotuna masu ɗimbin yawa. Ana ɗaukar hoton ƙwayoyin sa'a bayan sa'a, ana auna abin da suke fitarwa cikin ruwa, ana duba waɗanne umarnin gado suka kunna, waɗanne suka kashe. In na'urorin sun kai ɗaruruwa, ba ɗan'adam ɗin da zai iya zama ya duba duka, in ma ya zauna idonsa zai gaji, kuma abin da ya ƙirga da safe ba lallai ya yi daidai da na yamma ba.

Ƙirƙirarriyar basira, wadda ake taƙaitawa da AI, manhajar kwamfuta ce da ke koyo daga misalai. Dillalin da ya shekara talatin a karar Mai'aduwa, da ya kalli saniya zai ce maka tana da ciwo, tun ba ta kwanta ba. Ba littafi ya karanta ba. Ya ga dubban shanu ne, ya ga waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu, har idonsa ya riƙe alamun da bakinsa ma ba zai iya lissafawa ba. Haka ake horar da manhajar: a nuna mata dubban hotuna, a ce wannan lafiyayye ne, wannan ya fara lalacewa, har ta iya rarrabe sabon hoton da ba ta taɓa gani ba. Kuma in a karar Mai'aduwa kaɗai dillalin ya koyi sana'a, ranar da aka kawo masa irin shanun da bai saba da su ba zai iya kuskure. Za a dawo kan wannan.

Ban da karanta hoto, manhajar tana taimakawa wajen zaɓen abin da ya cancanci a gwada. A 2020 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka sun horar da wata manhaja da sinadarai kimanin 2,300, sannan suka sa ta tace wasu dubbai. Ta nuna musu ɗaya da aka taɓa ƙirƙira don ciwon sukari aka watsar, sai ga shi yana kashe ƙwayoyin cutar da suka gagari sauran magunguna. Suka sa masa suna halicin. A nan Afirka, cibiyar H3D ta Jami'ar Cape Town, ƙarƙashin Farfesa Kelly Chibale ɗan Zambiya, ta haɗa kai da ƙungiyar Ersilia suka gina manhajar ZairaChem daga bayanan da cibiyar ta tara a neman maganin zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka, suka wallafa aikin a 2023.

Akwai kuma aikin juya sakamakon na'ura ya zama awon da za a ba mutum. A 2020 ma'aikatan Wyss sun jona hanjin gwaji da hanta da ƙoda, suka zuba nikotin, sinadarin taba, ta hanjin. Da lissafin kwamfuta suka yi hasashen yawan da zai kai jinin mutum da saurin fitarsa, hasashen kuma ya zo kusa da abin da aka auna a jikin mutane.

Ga yadda abubuwan biyu suke cika juna. Manhaja tana da sauri amma ba ta da jiki, hasashe kawai take yi. Na'ura tana da ƙwayoyin mutum na gaske amma tana da tsada da jinkiri. Sai manhaja ta tace dubbai ta miƙo goma, na'ura ta gwada goman, a mayar wa manhaja sakamakon ta ƙara koyo.

Cututtukan gida

Duk wannan zai zama labarin Turawa ne kawai in da bai taɓa cututtukan da ke cika gadajen Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibitin Katsina ba. Amma ya taɓa su.

A fara da sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta ba tare da ciwo ba. Duk uwar da ta kwana tana matsa wa yaro ƙafa yana ihu ta san abin da ake kira tashin ciwo. Abin da ke faruwa a ciki shi ne jajayen ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa, su yi tauri, su manne a bangon ƙananan jijiyoyi, jini ya kasa wucewa. A 2012 ƙungiyar Wilbur Lam a Atlanta ta gina sirarun hanyoyi ta lulluɓe su da ƙwayoyin jijiya masu rai, ta tura jinin masu sikila a ciki, aka ga toshewar tana faruwa, aka kuma ga jinin waɗanda ke shan maganin hydroxyurea ya fi wucewa salin-alin. Wannan maganin ne aka yi shekaru ana bincike a kansa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt, domin kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki.

A Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland, ɗakin binciken Umut Gurkan ya ƙera wata na'ura da ke auna yawan ƙwayoyin da ke mannewa a jinin kowane mara lafiya. Matsalar ita ce ƙirga su. Ƙwararre yakan ɗauki sa'o'i a kan hoto ɗaya yana rarrabe mai laushi da mai tauri. A 2021 suka horar da manhaja ta yi aikin cikin mintoci. Fatan shi ne wata rana likita ya iya duba ɗigon jini ya san ko maganin da yaro ke sha yana aiki, ko ciwo yana hanya. Daga wannan ɗakin binciken ne wata ƙaramar na'urar gano sikila ta fito, wadda aka gwada a kan yara a asibitocin Kano kafin ta shiga kasuwa da sunan Gazelle. Ita ba ta ɗauke da ƙwayoyi masu rai, awo kawai take yi, amma tana ba da amsa cikin mintoci kaɗan, kuma ta nuna cewa irin wannan fasaha tana iya aiki a zafin Arewa da ƙurarta.

Sai tamowa. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a wata shida na farkon shekarar ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa a Jihar Katsina, kusan 10,000 daga ciki sai da aka kwantar da su, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Masu zuwa Ƙofar Sauri da Asibitin Turai Yar'adua sun ga layin da idonsu. Tushen wannan masifa yunwa ce da tsadar abinci da rashin tsaron da ya kori manoma daga gonakinsu, ba wata na'ura da za ta maye gurbin hatsi a rumbu. Amma akwai wani ɓangare da ya daɗe yana damun likitoci. Wasu yara ana ba su abincin gyaɗa na leda yadda ya kamata, amma ba sa murmurewa kamar sauran. Sau da yawa hanjinsu ne ya lalace saboda yawan haɗuwa da ƙwayoyin cuta a ruwa da ƙasa. 'Yan ƙananan yatsun da ke cikin hanji masu tsotsar abinci sun gajarce, bangon hanjin yana yoyo, abinci yana wucewa bai shiga jiki ba.

Ba za a iya yanka cikin yaro mai tamowa don a kalli wannan ba. A 2022 ma'aikatan Wyss suka shuka ƙwayoyin hanjin yara 'yan Pakistan masu wannan larura a cikin hanjin gwaji, suka cire wasu sinadaran abinci biyu daga ruwan da ke ciyar da su. Yatsun suka gajarce, bangon ya fara yoyo, kamar yadda ake gani a jikin yaran. Yanzu akwai wurin da za a gwada abin da zai gyara hanjin ba tare da an taɓa yaro ba.

Abin da ya biyo baya ya shafi duk matar da ta taɓa zuwa awon ciki. Maganin da ake ba masu juna biyu don kare su daga zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansida, an daɗe da lura cewa masu shan sa sukan haifi jarirai masu nauyi ko da a inda ƙwayar cutar ta daina jin maganin. An rasa dalili. Da aka zuba shi a hanjin gwaji da aka gina da ƙwayoyin mata aka kuma hana shi isasshen abinci, sai aka ga maganin yana taimaka wa hanjin kansa ya farfaɗo ya ƙara tsotsar abinci. An wallafa wannan a 2024.

Shi kuwa zazzaɓin cizon sauro, Najeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, da kusan kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa. Ƙwayar da ta fi kisa ba ta kama ɓera na yau da kullum, don haka bincikenta yake da wuya. A 2023 kamfanin Hesperos na jihar Florida ya haɗa hanta da saifa da jijiyar jini a na'ura ɗaya, ya zagaya jini mai ɗauke da ƙwayar cutar, ya gwada kulorokwin a kan irin da ke jin maganin da irin da ya gagare shi.

Inda na'ura take kuskure

A lokacin annobar korona, huhun gwaji na Wyss ya nuna cewa amodiyakwin, ɗaya daga cikin magungunan da ake raba wa yaran Katsina da damina, yana hana ƙwayar cutar shiga. An yi murna. Da aka gwada haɗin da ke ɗauke da shi a kan masu korona a Afirka ta Kudu, bai kore cutar da sauri fiye da kulawar da aka saba ba. Na'ura ba mutum ba ce. Ba ta da cikakkiyar garkuwar jiki, ba ta tsufa, ba ta cin tuwo ta sha shayi a kan magani, ba ta haɗa maganin asibiti da na gargajiya. Ƙwayoyinta makonni kaɗan suke rayuwa. Robar da ake yin ta da ita ma takan tsotse wani ɓangare na maganin, lissafi ya karkace. Saboda haka gwaji a kan mutane bai ƙare ba, kuma ba zai ƙare nan kusa ba. Abin da ake nema shi ne maganin da zai kai wannan mataki ya zama ya riga ya sha tacewa.

Ƙwayoyin wa? Bayanan wa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar Katsina. Jikin mutane bai zama ɗaya ba wajen karɓar magani. A 2003 aka fito da maganin zazzaɓi mai suna Lapdap, mai araha, wanda aka yi musamman don Afirka. A 2008 aka janye shi, saboda yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin masu wani ƙarancin gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya da maƙwabtanta. Haka maganin ƙanjamau efavirenz yakan daɗe a jinin 'yan Afirka da yawa fiye da na Turawa, saboda bambancin yadda hanta take narkar da shi.

Amma a manyan binciken gadon halitta da aka yi a duniya, masu asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka duba ba. In hantar gwaji ta Bature ce, manhajar kuma da bayanan Turawa aka horar da ita, to amsar da za su bayar ta Bature ce, komai kyan na'urar. Za su iya cewa magani lafiya lau ne, ya zo Jibiya ko Kaita ya yi ɓarna.

Hanyar gyara tana nan. Tun 2006 Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar jiki ta koma ƙwayar asali, wadda za a iya juya ta ta zama ta hanta ko ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Ɗan jini ko ɗan guntun fata ya isa, ba sai an taɓa ɗan tayi ba. A Damaturu, cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a 2021, tana aikin samar da irin waɗannan ƙwayoyi daga 'yan Najeriya. In Damaturu ta iya, ba abin da zai hana Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma sa rai. Sai dai a faɗi gaskiya game da sharuɗɗan. Ƙwayoyin suna buƙatar zafi daidai da na jiki, digiri 37, dare da rana. In wuta ta ɗauke na 'yan sa'o'i ba janareto ko sola, aikin makonni ya tafi. Ruwan da ake ciyar da su daga waje ake sayo shi da dala. Ɓangaren manhaja ya fi sauƙi: matashi mai kwamfuta da intanet da ilimin lissafi zai iya fara koyo daga ɗakinsa a Ƙofar Guga, domin manhajoji irin na Ersilia kyauta ake ba da su. Ita ma manhajar tana buƙatar bayanan asibiti masu tsabta, kuma wannan yana farawa ne daga ma'aikacin da ke rubuta kati da kyau da uwar da ke adana shi.

Ba da jini ko fata don bincike kuwa yana da nasa haɗarin. A 1951 aka ɗauki ƙwayoyin wata Ba'amurkiya baƙar fata, Henrietta Lacks, a asibitin Johns Hopkins ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyinta suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, aka yi amfani da su har wajen rigakafin shan-inna, kamfanoni suka yi kuɗi, iyalinta ba su ji labari ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Ƙwayar asali da aka samo daga jinin mutumin Katsina ita ma za ta iya rayuwa bayansa, tana ɗauke da sirrin gadonsa da na 'ya'yansa.

Doka tana gefen mai bayarwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rubutacciyar amincewar mutum kafin a yi bincike a kansa, bayan an bayyana masa manufa da illar da ka iya biyowa. Dole kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin tukuna, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Wanda aka nemi jininsa ko na ɗansa yana da ikon a karanta masa takardar da Hausa, a gaban shaidar da ya yarda da shi. Yana da ikon ya tambaya ina za a kai jinin, har yaushe za a ajiye shi, ko za a fitar da shi waje, ko za a cire sunansa, kuma in an sami magani daga ciki ko zai iso asibitin garinsu a farashin da talaka zai iya. In ya ƙi, ba wanda ya isa ya hana shi kulawar da ya zo nema, in ya yarda yau kuma ya canza ra'ayi gobe, yana iya janyewa.

Tambayoyi da aikin aji

1. Bayyana da kalmominka yadda aka gina huhun gwaji, da abin da ya sa ake miƙe fatar da ke tsakiyarsa.

2. Wane aiki manhaja take yi wanda na'urar gwaji ba za ta iya ba, wane kuma na'urar take yi wanda manhaja ba za ta iya ba?

3. Me labarin Lapdap da na amodiyakwin suka nuna game da iyakar gwaji? A ina suka bambanta?

4. Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama ma'aikacin bincike da ke neman ɗigon jinin yaro mai sikila, ɗaya ya zama mahaifi ko mahaifiyar yaron. Bayan kun gama, ku rubuta a allo tambayoyin da aka yi, ku ware waɗanda ma'aikacin ya kasa amsawa.